Kaluluwar da Ba Ta Ciwo

Zuwa ga 'yata. Ina fata kin fara sabawa da sabon wurin aikinki, kuma mutanen garin sun karɓe ki hannu bibbiyu. Tunda Allah Ya sa kin gaji aikin da na tsufa a cikinsa, akwai abubuwan da zan riƙa aiko miki da su kaɗan-kaɗan, tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami. Na yau a kan wuyan yara ne.

A asibitin sha-ka-tafi irin naku, da wuya mako ya wuce ba a kawo miki yaro mai kaluluwa ba. Mafi yawansu ba abin tashin hankali ba ne. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro, ko haƙori ya ruɓe, ko kunne na ruwa, ko ƙuraje sun feso masa a ka, sai kaluluwar da ke kusa da wurin ta kumbura, domin aikinta ke nan, ta tace ruwan jiki ta tare ƙwayoyin cuta. Irin wannan tana da zafi in an taɓa, yaro na ture miki hannu, kuma da zarar an magance tushen ciwon sai ta sace cikin mako biyu ko uku.

Wadda nake so ki sa wa ido ita ce wadda ba ta ciwo. Uwa za ta ce miki tun kafin azumi ta lura da ita, ga shi har an yi babbar salla ba ta tafi ba, amma ai ba ta damunsa, yana cin abincinsa, yana zuwa makaranta. To, wannan "ba ta damunsa" da ke kwantar wa uwa hankali, shi ya kamata ya tayar da naki.

Cikin cututtukan da ke zuwa a wannan siga akwai sankarar kaluluwa da likitoci ke kira cutar Hodgkin. Ba ta da yawa, kina iya yin shekaru ba ki ga ko ɗaya ba. Na zaɓi in fara da ita ne don tana cikin nau'o'in sankarar da suka fi jin magani. A ƙasashen da ke da kayan aiki, fiye da yara 90 cikin 100 da suka kamu da ita suna warkewa. Shi ya sa a 2018, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na sankarar yara, da burin a ceto aƙalla 60 cikin 100 kafin 2030, ta sa Hodgkin cikin cututtuka shida da za a fi mayar da hankali a kansu. Rai na Allah ne, babu musu. Amma ta fuskar sababi, yaran da muke rasawa da wannan cuta ba kasafai ƙarfinta ke fin ƙarfin magani ba. Abin da ke cin su shi ne watannin da ake ɓatawa ana yi mata magani da sunan wata cuta.

Hannunki shi ne kayan aikinki na farko. Ki zaunar da yaro, ki sa a tuɓe masa riga, ki tsaya ta bayansa, ki bi wuyan da yatsu tun daga ƙarƙashin haɓa da bayan kunne har gindin wuya. Kusan takwas cikin goma na yaran da ke da Hodgkin da kumburin wuya suke fara zuwa. Za ki ji shi da tauri irin na roba, ba laushin maruru ba, ba kuma taurin dutse ba. Fatar da ke kansa ba ta ja, ba ta ɗumi, babu alamar mugunya. Sau da yawa ba guda ɗaya ba ce, uku ne ko huɗu sun taru wuri guda a gefe ɗaya na wuya. Ki auna da tef ki rubuta a kati, kada ki dogara da ido, don idon da ya ga yara ɗari a mako ba ya tuna girman kumburin watan jiya. Wadda ta haura santimita 2, ko ta yi mako huɗu zuwa shida ba ta ragu ba, ko aka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu ba ta motsa ba, ta wuce hurumin asibitinku.

Akwai wuri guda da ba a yi masa jira ko kaɗan: ɗan ramin nan da ke saman ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Ciwon haƙori da na maƙogwaro ba su cika kumbura kaluluwar wurin ba. Ita daga ƙirji da ciki take karɓar ruwa, saboda haka in ta kumbura, can ciki ne za a nemi dalili. Komai ƙanƙantarta, ki tura yaron gaba. Sannan ki duba hammata da matsematsi, ki kwantar da shi ki lalubi saifa da hanta.

Wata yaudara da cutar ke yi, kumburin yakan ɗan ragu da kansa, sannan ya dawo. In aka yi dace raguwar ta zo bayan an sha wani magani, na asibiti ko na gargajiya, sai kowa ya ce an samu sa'ida, a koma gida a zauna.

Game da shekaru, littattafan da kuka karanta galibi a Turai da Amurka aka rubuta su, kuma can cutar ta fi kama matasa daga shekara 15 zuwa sama. A ƙasashe irin namu takan zo da wuri, a yaran da ba su kai goma ba ko suka ɗan haura, kuma maza sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙasa da shekara biyar kuwa da wuya a gan ta ko'ina. Wannan nau'in na ƙananan yara yana da alaƙa mai ƙarfi da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 a Landan cikin tsokar da aka aiko daga wani mai sankara a Yuganda. Kusan kowane yaro a wajenmu yana haɗuwa da wannan ƙwaya tun yana ƙarami, ta miyau, kuma kusan duka babu abin da take yi musu. 'Yan kaɗan ne ƙwarai take zame wa sanadin sankara. Kin ga ke nan babu dalilin ware wa yaro kwano ko hana 'yan'uwansa kwana da shi. Ba a ɗaukar Hodgkin daga wani.

Kada ki haɗa ta da 'yar'uwarta da ta fi ta yawa a ƙasarmu, wato cutar Burkitt, wadda Denis Burkitt ya bayyana a 1958 bayan ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi a Kampala. Burkitt gaggawa gare ta, tana kama muƙamuƙi ko ciki, haƙora su yi girgiɗi, cikin kwanaki fuska ta canja, kowa ya tsorata a ruga asibiti. Hodgkin a hankali take tafiya, wata da watanni, shi ya sa ake raina ta.

Yanzu ga inda aka fi yin tuntuɓe. A ƙasarmu, in yaro ya zo da kumburin wuya mai daɗewa, da zazzaɓi, da rama, abin da ke fara zuwa zuciyar kowane ma'aikacin lafiya shi ne tarin fuka na kaluluwa, wato tibi. Kuma yana da gaskiya, don tibi ta fi Hodgkin yawa ninkin-ba-ninkin, ga maganinta kyauta. Akwai 'yan bambance-bambance: kaluluwar tibi takan manne da juna da fata, daga baya ta yi laushi, ta fashe ta riƙa tsiyayar ruwa, ta bar tabo, kuma sau da yawa akwai babba mai tari a gidan. Ta Hodgkin ba ta cika fashewa ba. Amma a farkon lamari hannu ba ya iya raba su, komai ƙwarewarsa.

Ba mu muka fara wannan ruɗani ba. Thomas Hodgkin, likita a asibitin Guy's da ke Landan, shi ya fara bayyana cutar a 1832, a kan majiyyata bakwai, cikinsu har da yara maza, masu kumburin kaluluwa, mafi yawansu har da ciwon saifa. A 1865 wani likitan asibitin, Samuel Wilks, ya sa mata sunansa. Har ƙarshen wancan ƙarni manyan masana na ɗaukar ta wani reshe ne na tarin fuka. Carl Sternberg, wanda ya siffanta manyan ƙwayoyin halittar da ake gane ta da su a 1898, shi kansa haka ya ɗauka. Sai a 1902 wata matashiyar likita a asibitin Johns Hopkins na Amurka, Dorothy Reed, tana da shekara 28, ta zauna da madubin likita ta zana ƙwayoyin nan da hannunta, ta kafa hujja cewa cuta ce mai zaman kanta. Har yau da sunan su biyun ake kiran ƙwayar, Reed-Sternberg. Ina son labarin matar nan, ba don komai ba sai don yarinya ce sabuwar shiga aiki kamarki, kuma daga baya ma a kan lafiyar mata da yara ta ƙare rayuwarta.

Abin da nake roƙonki shi ne wannan. In an ɗora yaro a kan maganin tibi saboda kumburin wuya ba tare da gwaji ya tabbatar ba, ke za ki riƙa ganinsa yana zuwa karɓar magani. Ki riƙa aunawa. In wata guda ya wuce, na biyu ya kama, kumburi bai ragu ba, zazzaɓi bai sauka ba, nauyi bai ƙaru ba, kada ki jira a cika wata shida. Ki koma wurin likita da katin awonki, cikin ladabi, ki ce ranka ya daɗe, ko za a sake duba yaron nan? Likitan kirki zai gode miki. Ki kuma sani cututtukan biyu na iya haɗuwa a jiki guda, don Hodgkin na raunana garkuwar jiki.

Sai ƙirji. Tsakanin huhu biyu, a bayan ƙashin ƙirji, akwai tarin kaluluwa da hannu ba ya kai wa, kuma cutar na son wurin. A ƙididdigar Amurka, kusan 75 cikin 100 na matasan da ke da ita suna da kumburi a nan, ƙananan yara kuwa kusan 35. Wani lokaci babu wata alama sai hoto ya nuna. Wani lokaci busasshen tari ne da ya ƙi jin magani. Amma in kika ji an ce yaro ba ya iya kwanciya rigingine, sai a zaune yake barci ko a kife, ko fuskarsa na kumbura da safe, jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa, numfashi na ƙara, to kumburin ya danne hanyar iska ko babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Kada ki tilasta masa kwanciya, kada a ba shi maganin barci, a tafi da shi a zaune, a ranar. Saboda haka ne ma likitoci ba sa yi wa irin yaran nan allurar barci don tiyata sai sun ga hoton ƙirji, domin in jiki ya saki, kumburin na iya toshe numfashi gaba ɗaya.

Akwai alamomi uku da za ki tambaya da bakinki, don iyaye ba sa kawo su da kansu, kuma su ne daga baya za su canja yawan maganin da za a ba yaron. Na farko zazzaɓi da ya haura digiri 38, yana zuwa yana dawowa, ba a gano dalilinsa ba. A wajenmu kafin a kai ga cewa ba a gano dalili ba, an riga an yi maganin maleriya sau uku, na taifot sau biyu. Ki duba tsofaffin katunan yaron, can za ki ga tarihin. A wasu 'yan kaɗan zazzaɓin na yin kwanaki yana hawa, ya ɗauke na mako ɗaya ko biyu, ya sake dawowa a kan wannan tsari. Na biyu gumin dare. A watan zafi kowa na gumi, saboda haka in kika ce "yana gumi da dare?" kowace uwa za ta ce e. Ki tambaye ta ko takan tashi ta canja masa riga da zanin shimfiɗa don sun jiƙe sharkaf, ko haka na faruwa har cikin hunturu, ko 'yan'uwansa da ke kwance kusa da shi su ma suna jiƙewa. Na uku rama: ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida. Yaro mai kilo 30 ya sauka ƙasa da 27, misali. In babu tsohon awo, wandon makaranta da ya fara zamewa ma shaida ne. A ƙasashen da ake zuwa asibiti da wuri, kusan ɗaya cikin huɗu ne ke da waɗannan alamomi. Mu da ake kawo mana yara a makare, mukan fi ganinsu.

Wasu kuma suna fama da ƙaiƙayin jiki mai tsanani ba tare da ƙuraje ba, a yi ta shafa maganin ƙazwa a banza. Alama ce ta gaske, sai dai ba ta cikin ukun da ake lissafi da su. Gajiya da ƙarancin jini ma sukan biyo baya.

Abu biyu za ki hana, da lallashi amma ba ja da baya. Na farko sakiya da tsaga. Wanzami ya san maruru, kuma a kan maruru ya gaji sana'arsa, amma wannan kumburin babu mugunya a ciki. Abin da za a samu kawai shi ne gyambo, wanda zai jinkirta maganin gaskiya. Na biyu ya fi ɓoyuwa: ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone, irin waɗanda wasu ke sha don ƙiba, ake ce musu sha-ka-fashe, kuma ana samun su a kemis ba tare da takarda ba. Suna narkar da kumburin sankarar kaluluwa na ɗan lokaci, yaro ya ji daɗi, ya ci abinci, iyaye su yi ta godiya. Cutar kuwa tana nan. Mafi muni, in aka ciri tsokar bayan an sha su, mai dubawa na iya kasa gane abin da yake gani. Ke kada ki ba da su, kuma ki tambaya ko an riga an ba da.

Sunan cutar ba ya tabbata sai an ciro kaluluwa an duba ta a madubin likita. Nan iyaye ke tsorata, don an daɗe ana cewa in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Ki zauna da su, har da kakar yaron in da hali, don sau da yawa maganarta ce ke yanke hukunci a gida. Ki faɗa musu ƙaramin aiki ne, kuma ba ya yaɗa cutar. Dalilin da ya sa aka fi son a ciro kaluluwar ɗungurungum maimakon a tsotsa da allura shi ne, ƙwayoyin Reed-Sternberg, waɗanda masu dubawa ke cewa suna kama da idanun mujiya, 'yan ƙalilan ne a cikin kumburin, kusan ɗaya cikin ɗari. Sauran duk ƙwayoyin garkuwar jiki ne da suka taru a kewayensu. Allura na iya shiga ta fito ba ta ci karo da ko ɗaya ba, sakamako ya dawo cewa babu komai. Saboda haka sakamakon allura mai kyau ba ya rufe magana in kumburi na ci gaba.

Bayan suna sai iyaka, wato ina da ina cutar ta kai. Nan ne nake so ki fi natsuwa, domin iyaye za su dawo daga babban asibiti da takarda mai lamba da harafi, likitan can bai samu sukunin yi musu dogon bayani ba, ke za su kawo wa.

Hodgkin na da wata ɗabi'a da ta sa aka iya yi mata matakai. Galibi ba ta tsallake, daga rukunin kaluluwa ɗaya take matsawa zuwa na kusa da shi: wuya, gindin wuya, tsakiyar ƙirji, sannan ciki da saifa, sai can daga baya ta bi jini. A 1971 masana suka taru a garin Ann Arbor na Amurka suka tsara matakai huɗu, aka yi musu gyara a wani taro a yankin Cotswolds na Ingila a ƙarshen shekarun 1980, kuma har yanzu a kan wannan tsari ake auna yara. Kan iyakar da ake lissafi da ita ita ce tantanin naman nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda muke numfashi da shi.

In cutar na rukuni ɗaya tak, mataki na 1 ke nan. Ki lura, wuya da gindin wuya na gefe guda rukuni ɗaya ake ƙirga su, ko da kaluluwa biyar ce a ciki. In ta kama rukuni biyu ko fiye, amma duk a sama da tantanin ko duk a ƙasa da shi, mataki na 2 ne, kamar wuyan dama da na hagu, ko wuya da tsakiyar ƙirji, ko wuya da hammata. In ta haura tantanin ta kasance sama da ƙasa, ya zama na 3. Saifa a wannan lissafi 'yar gidan kaluluwa ce, saboda haka wuya da saifa mataki na 3 ne, ba na 4 ba. Na 4 shi ne in ta fita daga gidan kaluluwa ta bazu a hanta, ko ɓargo, ko ƙashi, ko cikin huhu. A inda ake gano ta da wuri, 15 zuwa 20 cikin 100 ne ke zuwa a wannan mataki.

A takarda da lambobin Rumawa ake rubutawa, I, II, III, IV, sai harafi ya biyo. A na nufin babu ko ɗaya daga alamomin nan uku, B na nufin akwai aƙalla ɗaya. Kin ga amfanin tambayarki ta rigar dare. Harafin E na nufin cutar ta ɗan tsallaka daga kaluluwa zuwa gaɓar da ke manne da ita, kamar gefen huhu, wanda ba ɗaya yake da bazuwar mataki na 4 ba. S na nufin saifa ta kamu. X kuwa, ko a rubuta da kalmomi, girman kumburi ne: a ƙirji, in faɗinsa ya wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙirjin a hoton da aka ɗauka a tsaye, a waje da ƙirji, tsare-tsaren yara da dama na ɗaukar abin da ya haura santimita 6. Saboda haka in kika ga IIB, ki karanta musu: rukuni biyu ko fiye, ɓangare guda na tantani, da zazzaɓi ko gumi ko rama.

Don a kai ga wannan lamba ne ake ta gwaje-gwajen da ke gajiyar da iyaye suna cinye kuɗin guzuri: awon jini, na hanta da ƙoda, gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, hoton ƙirji, sikanin ɗin ciki, hoton CT daga wuya zuwa ƙugu, da hoton zuciya kafin a fara magani. Akwai hoton PET da ke nuna duk inda cutar ke cin sukari, shi ya fi kowanne, amma wuraren da ke da shi a ƙasarmu kaɗan ne kuma da tsada. Inda babu shi, akan ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu in cutar ta yi nisa ko akwai alamun B. Wata wahala tamu ta musamman ita ce saifa. Maleriya kaɗai na kumbura saifar yaro, saboda haka jin ta a hannu ba hujja ba ce cewa sankara ta kai can, sai hoto ya nuna. A shekarun 1960 da 1970 har buɗe ciki ake yi a cire saifar don a duba ta, sai aka ga yaran da aka cire wa suna mutuwa da cutar jini mai saurin kisa, hotuna kuma suka inganta, aka daina.

Uba zai tambaye ki: tunda an san cutar, me ya hana a fara magani kawai? Ki ce masa tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai rigar. In magani ya gaza cutar, za ta dawo, kuma ta biyu ta fi wuyar sha'ani. In ya wuce kima, yaro zai warke amma ya biya bashin a girmansa. Wannan darasi da tsada aka koye shi. Tun 1950 Vera Peters ta nuna a Toronto cewa gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, na warkar da matakan farko. Vincent DeVita da abokan aikinsa a Amurka suka zo da haɗin magunguna huɗu a shekarun 1960 wanda ya warkar da waɗanda cutar ta yi wa nisa, Gianni Bonadonna a Milan ta Italiya ya kawo haɗin ABVD a shekarun 1970, wanda har yanzu da shi ake aiki a asibitoci da yawa. Amma da yaran farko da aka warkar suka girma, sai aka ga ƙashin da aka gasa bai yi tsawo ba, wuya ya sirance, zuciya ta raunana, 'yan matan da aka gasa wa ƙirji suna samun sankarar mama tun da ƙuruciya, maza da yawa ba sa haihuwa saboda wasu daga magungunan. Daga nan likitocin yara suka koma auna kowa da gwargwadonsa. Mai IA ko IIA marar babban kumburi, zagaye kaɗan na magani ya ishe shi, sau da yawa ba gashi. Mai IIIB ko IVB zai kai zagaye biyar ko shida, kowanne na mako uku zuwa huɗu. Sauran suna tsakani. Bayan zagaye biyu akan sake hoto, kuma yadda cutar ta ji magani a nan shi ke nuna ko za a yi gashi.

Ki kula da bakinki a kan mataki na 4. Mutanenmu sun ji a rediyo, sun kuma gani a dangi, cewa sankarar da ta kai mataki na huɗu sai addu'a. A wasu nau'o'in sankarar manya akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A Hodgkin ta yara ba haka ba ne, ko a mataki na 4 mafi yawansu na warkewa in suka samu cikakken magani a kan lokaci. Na ga iyayen da jin lambar nan kaɗai ya sa suka naɗe tabarma suka koma gida, alhali yaronsu na da kyakkyawar dama. Kada ki yi musu alkawarin abin da ke hannun Allah, amma kada ki bari su yanke ƙauna a kan lissafin da ba na cutar ɗansu ba. In uwa ta fara zargin kanta, ko aka fara nuna kishiya da yatsa, ki faɗa a fili cewa ba nono ba ne, ba abinci ba ne, ba kuma hannun kowa. Su yi addu'a, su yi sadaka, su kuma koma asibiti ranar da aka rubuta musu.

Komawar nan ita ce babbar jarrabawa. Bayan zagaye ɗaya ko biyu kumburi kan baje, yaro ya koma ƙwallo, kuɗin mota zuwa Kano ko Shika ko Sakkwato ko Maiduguri ya yi nauyi, damina ta kama, sai a ce ai ya warke. Ke ce kusa da su. Ki riƙe ranakun a littafinki, in ba su tafi ba ki aika a tambaya, in kuɗi ne ki haɗa su da ofishin jin daɗin majiyyata na asibitin ko masu hali na garin. Ki gargaɗe su tun da wuri cewa gashin kai zai zube kuma zai sake tsirowa, wani jan magani da ake sawa a ƙarin ruwa zai rina fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Amma zazzaɓi a yaron da ke kan wannan magani ba na bari sai gobe ba ne. Garkuwarsa a ƙasa take, musamman mako ɗaya zuwa biyu bayan allura. Ki gwada maleriya, amma ko gwajin ya nuna akwai, ki kira likitansa ki tura shi a ranar. A nisanta shi da mai ƙyanda ko ƙarambau, kuma kada a yi masa wata rigakafi sai da izinin masu kula da shi.

Takardar da za ki rubuta ranar da kika fara tura shi, ki ba ta haƙƙinta. Ki sa ranar da aka fara ganin kumburi, inda yake, awonsa a santimita da ranar kowane awo, nauyin yaron na da da na yanzu, amsar tambayoyin nan uku, ko yana iya kwanciya rigingine, da duk abin da ya sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, musamman maganin tibi da prednisolone. In kuma aka gama magani lafiya, ki sa iyayen su adana takardar sallama mai sunayen magunguna da yawansu da wurin da aka gasa, cikin leda, tare da takardun gida. Yaron zai buƙace ta yana da shekara talatin, ranar da wani likita zai so duba zuciyarsa ko maƙogwaronsa, ko ranar da ya zo neman shawara a kan haihuwa.

Ki gaishe mini da abokan aikinki. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa waraka a hannunki.